Juya janareta mai 120V zuwa 230V: abin da taɓa koyil ke iya canzawa da abin da ba ya iyawa

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, sabon janareta ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, alhali buƙatarsa ƙaruwa ta yi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Nijeriya ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, Naira 225 kan kowane yunit. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. A Nijar ma an ɗanɗana irin wannan, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa ƙasar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024.

Wannan hali ya sa aka koma wa tsofaffin injina da na gwanjo. A cikin na gwanjon ana samun waɗanda aka ƙera domin Amurka ko Kanada, masu ba da wuta 120V, da na Japan masu 100V, alhali kayan gidajenmu 220V zuwa 240V suke nema. Idan mai irin wannan inji ya tambayi masu gyara, amsa biyu yake samu. Wani ya ce aikin rabin awa ne, wayoyi kawai za a sauya. Wani ya ce asarar kuɗi ce, a sayar wa 'yan gwangwan. Dukansu suna iya yin gaskiya, domin sau da yawa ba inji iri ɗaya suke magana a kai ba, kuma ba aiki iri ɗaya suke nufi ba.

Lambobi huɗu da ke jikin inji

Kowane janareta yana da faranti ko takarda manne a jikinsa, kuma lambobi huɗu ne a kai suka shafi wannan batu. Na farko shi ne volt, wato ƙarfin turin wuta, wanda ake rubutawa da harafin V. Na biyu amfiya, yawan wutar da ke bin waya, mai harafin A. Na uku wat, wato aikin da injin ke iya yi, kuma a sauƙaƙe ana samunsa ne ta hanyar ninka volt da amfiya. Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa da shi: firikwensi, wato sau nawa wuta ke kai da komo a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ake rubutawa 50Hz ko 60Hz.

Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan duk 50Hz suke amfani da shi, da volt tsakanin 220 da 240. Amurka da Kanada 60Hz ne da 120V, ana kuma samun 240V a gidajensu domin manyan kaya. Japan 100V ce, gabashinta 50Hz, yammacinta 60Hz. Saudiyya, inda alhazai ke sayo kaya, ita ma 60Hz ce.

Asalin bambancin tarihi ne kawai. Tashar Edison ta farko a New York, wadda ta fara aiki a 1882, wuta 110V take bayarwa, kamfanonin Amurka kuma daga baya suka tsaya a 60Hz. Kamfanonin Turai, musamman na Jamus, suka zaɓi 50Hz da volt mai yawa. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila har da fulogi mai ƙafa uku, Nijar ta gaji na Faransa.

Abin da ke haifar da wutar

A bayan injin fetur akwai ɓangaren da ke samar da wuta, mai sassa biyu. Akwai mai juyawa a tsakiya, wanda makanikai ke kira amecha, shi ne ke zama maganaɗisu. Akwai kuma tsayayye da ya kewaye shi, wanda aka naɗa wa wayar tagulla a cikin ramuka, shi ake kira koyil. Idan maganaɗisu ya gitta waya, wuta ta samu a cikinta. Michael Faraday ne ya gano wannan a 1831, kuma har yau a kansa kowane janareta ke aiki.

Abubuwa uku ne ke ƙayyade volt: yawan zagayen wayar koyil, ƙarfin maganaɗisun amecha, da gudun juyawarsa. Shi kuwa firikwensi babu ruwansa da yawan zagayen waya. Gudun inji da yawan kawunan maganaɗisu kaɗai ke ƙayyade shi. Ƙananan janaretoci kawuna biyu gare su, don haka juyi 3,000 a minti yana ba da 50Hz, juyi 3,600 kuma 60Hz. Duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin matsalar, domin yana nufin ko an canza koyil gaba ɗaya, inji mai gudun 3,600 zai ci gaba da ba da 60Hz.

Wat kuma daga injin fetur yake fitowa, girman ƙarfe da kaurin waya su ƙayyade iyakarsa. Babu dabarar haɗa waya da za ta mayar da inji mai wat 3,000 ya zama mai 5,000.

Hanya ta farko: sake haɗa bakin wayoyi

Da yawa daga janaretocin Amurka koyil biyu ne a cikinsu, kowanne yana ba da 120V. Yadda aka haɗa su shi ne ke nuna abin da zai fito a soket. Masu sola sun san wannan daga batura: idan aka haɗa batir biyu masu 12V kai da wutsiya, wato siris, ana samun 24V, idan kuma aka haɗa su kai da kai, wutsiya da wutsiya, wato faralel, 12V ɗin ce ke nan amma da ninkin amfiya. Haka koyil biyun suke. A inji mai wat 3,000, kowane koyil yana ɗaukar amfiya 12.5. A faralel ana samun 120V da amfiya 25, a siris 240V da amfiya 12.5. Ko ta wace hanya aka bi, wat 3,000 ɗin ne.

Wannan shi ne aikin da ake cewa na rabin awa ne, kuma idan bakin wayoyi huɗu duk sun fito waje, da gaske ba shi da wuya. Wasu injinan ma masana'anta ta sa musu makunnin zaɓi tsakanin 120V da 240V, wanda aikinsa ke nan. Wasu kuma an riga an haɗa su a siris da waya ta uku a tsakiya, don haka 240V tana nan tsakanin wayoyin gefe biyu, soket kawai ake buƙata. Amma akwai ƙananan injina masu koyil ɗaya tak na 120V, ko waɗanda aka haɗe koyil biyun can cikin naɗi aka rufe da banish. Irin waɗannan ba su da abin da za a sake haɗawa daga waje, kuma su ne masu cewa ba ya yiwuwa suka fi gani.

Ko a inji mai wayoyi huɗu akwai wuraren da ake tuntuɓe. Kowane koyil yana da kai da wutsiya, kuma launin waya ba ya isa shaida, sai an auna da mita. Idan aka juya ɗaya a siris, wutar koyil biyun za ta kashe juna, mita ta nuna kusan sifili. Wannan ba ya ɓata komai. Idan kuwa aka juya ɗaya a faralel, an haɗa gajeriyar hanya ke nan, koyil na iya ƙonewa cikin daƙiƙoƙi.

Sai batun bireka, wanda ake yawan tsallakewa. Injin da ke ba da amfiya 25 a 120V birekarsa ta wannan adadi ce. Bayan an mayar da shi siris, wayar koyil 12.5 kaɗai za ta iya ɗauka. Idan aka bar tsohuwar bireka, ba za ta yanke ba sai wuta ta ninka abin da waya ke jurewa, kuma zafin waya ba ninki biyu yake yi ba idan amfiya ta ninka, ninki huɗu yake yi. Haka kuma na'urar AVR, mai daidaita volt, tana da wayoyin da take jin ƙarfin wuta da su. Dole su ci gaba da jin adadin da aka ƙera ta dominsa, in ba haka ba ta ƙone ko ta tura wutar da za ta ƙona kayan gida. Ɗan sukurun da ke jikinta ƙaramin gyara kawai yake yi, ba zai ɗaga 120V zuwa 230V ba.

Hanya ta biyu: kwance koyil a sake naɗi

Idan babu bakin wayoyin da za a sauya, sai aikin masu riwayindin, irin waɗanda ake samu a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai. Ana yanke tsohuwar waya, a ƙirga zagayenta, a auna kaurinta, a naɗa sabuwa. Lissafin a fili yake: ninkin volt yana buƙatar ninkin zagaye. Ramukan koyil kuwa ba sa faɗaɗa, don haka dole sabuwar waya ta zama rabin tsohuwa a yawan tagulla. A nan ana yin wani kuskure, a ɗauka rabin faɗin waya ake nufi. Wayar da faɗinta ya ragu da rabi, tagullar cikinta kashi ɗaya cikin huɗu ce ta rage. Wayar da ta dace ita ce mai faɗin kusan kashi 70 cikin ɗari na tsohuwar.

Ingancin wannan aiki ya rataya ne a kan abubuwan da mai inji ba ya gani bayan an rufe. Na farko ita kanta wayar. Sauƙin da wuta ke bi ta cikin alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari ne na yadda take bi ta cikin tagulla a kauri ɗaya, kuma akwai wayar alminiyam da aka lulluɓe da tagulla, wadda ido ba ya rabe ta da ta gaske sai an kankare ta ko an ji rashin nauyinta. Na biyu rufin da ke jikin waya da takardar da ake shimfiɗawa cikin ramuka. Suna da aji-aji: ajin B yana jure zafi har 130 a ma'aunin Salshiyas, ajin F 155, ajin H 180. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na maki 10 sama da ƙima yana rage rayuwar rufin da kusan rabi. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura 40, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Na uku cire tsohuwar waya. Idan aka babbaka koyil da wuta mai tsanani don a yi sauri, rufin da ke tsakanin siraran farantan ƙarfen yana lalacewa, daga nan ƙarfen da kansa ya riƙa zafi ko da babu kaya a kan inji. Na huɗu banish da gasawa: naɗin da ba a tsoma shi ya bushe da kyau ba yana motsi da girgizar inji har rufin ya goge.

Inda maganar ta fi tsauri: 60Hz

A ce an yi nasara, soket yana nuna 240V. Injin har yanzu yana gudun 3,600, wutarsa 60Hz ce. Mai shi yana da zaɓi biyu, kowanne da farashinsa.

Zaɓi na farko shi ne a bar shi haka. Ƙwan fitila, dutsen guga, hita, da duk abin da aikinsa zafi ne ba su damu ba. Cajar waya, kwamfuta da yawancin talabijin na zamani an rubuta musu 100 zuwa 240V, 50 ko 60Hz, su ma lafiya lau. Matsalar tana wajen kaya masu mota a ciki, wato motar lantarki mai juyawa. Motar da aka ƙera don 50Hz tana ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari a kan 60Hz. A famfon ruwa da fanka, ƙarfin da ake buƙata yana hawa fiye da gudun nesa ba kusa ba, a lissafi yana iya kaiwa ƙarin kashi 70 cikin ɗari. Famfon rijiyar burtsatse da ke aiki a haka zai zuba ruwa da ƙarfi a farko, mai shi ya ji daɗi, alhali motar tana dahuwa a ƙasa. Kwamfuresar firij da firiza da aka rubuta wa 50Hz kaɗai ita ma nauyinta ƙaruwa yake yi. Injin aski mai karkarwa, wanda ba na batir ba, an daidaita shi ne da bugun wuta, don haka yakan canza ƙara ya rage yanka. Wasu inbatocin sola kuma sukan ƙi karɓar wutar gaba ɗaya.

Zaɓi na biyu shi ne a sassauta gwamnan inji, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, ya sauko 3,000. An samu 50Hz, amma tunda gudu yana cikin abubuwa ukun da ke ƙayyade volt, ita ma ta sauka da kashi ɗaya cikin shida, 240V ta koma 200V. Yawancin kayan 230V an ƙera su ne su jure tsakanin 207 da 253, don haka an faɗo ƙasa da iyaka. AVR za ta yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar tura ƙarin wuta cikin amecha, kuma da yake masana'antu ba sa barin rarar ƙarfe mai yawa a ƙananan injina, ƙarin da ake buƙata yana da yawa, amecha ya yi zafi. A daidai wannan lokaci fankar da ke sanyaya shi ta rage gudu. Injinan da ba su da burushi (ɗan gawayin da ke kai wuta cikin amecha), masu aiki da kafasita, sun fi jin wannan sauyi, volt ɗinsu kan faɗi fiye da lissafin. Shi ma injin fetur ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Gyaran da ya cika shi ne wanda ya haɗa biyun: a sauke gudu, a kuma naɗa koyil da lissafin sabon gudun. Naɗin da ke ba da 120V a 3,600 zai ba da 100V a 3,000, don haka kaiwa 230V yana buƙatar ninka zagaye sau 2.3, ba sau biyu ba. Inda ake da zagaye 40, misali, sai an yi 92. Ƙaramin naɗin da ke ciyar da amecha shi ma sai an sake masa lissafi. Sakamakon inji ne mai 230V da 50Hz na gaskiya, amma wat 3,000 ɗinsa ya koma kusan 2,500.

Akasin wannan ma ana yi, kuma ya fi yawa: inji na gida ya rage wuta, makaniki ya murɗa gwamna ya ƙara gudu har fitila ta yi haske. Volt ta hau, firikwensi ma ya hau ba tare da kowa ya auna ba, ainihin ciwon kuma, ko burushi ne ko kafasita ko AVR, yana nan.

Haɗarin da mita ba ta nunawa

A wayarin gidajen Nijeriya waya ɗaya ce mai wuta, ɗayar nutural, kuma makunni da fis ɗin fulogi mai wutar kaɗai suke yankewa. A 240V irin ta Amurka wayoyin biyu duk masu wuta ne, kowacce 120V tsakaninta da jikin inji, domin sau da yawa wayar tsakiya an ɗaure ta da firam. Saboda haka kayan da aka kashe daga makunni suna iya kasancewa da wuta a ciki. Idan kuma wani ya ɗauki ɗaya daga wayoyin a matsayin nutural ya haɗa ta da at, wato wayar ƙasa, ba tare da kwance ɗaurin tsakiya ba, ya gajarce koyil ɗaya. Irin wannan yana iya faruwa ta canjoba, makunnin sauyi tsakanin wutar gari da ta janareta, mai yanke waya ɗaya kawai, wanda ya bar nutural ɗin gida haɗe da na layin gari. Inji irin wannan yana buƙatar bireka da canjoba masu yanke wayoyi biyu tare.

Injinan da wannan lissafi bai shafa ba

Janareta mai inbata, irin jerin EU na Honda, wutar koyil ɗinsa ba kai tsaye take zuwa soket ba. Allon lantarki ne ke karɓarta ya sake ƙirƙirar volt da firikwensi, don haka taɓa koyil ba ya sauya abin da ke fita. Manyan injina masu fes uku kuma lissafinsu daban ne: 400V tsakanin layi da layi, 230V tsakanin layi da nutural. Wanda ya ɗauki fes ɗaya kawai sulusin ƙarfin injin yake samu, mai wayoyi 12 da aka sake haɗawa zuwa fes ɗaya kuma yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan juyi suna kafa hujja da ingancin injin da tsadar sabo. Tsohon inji na kamfani mai suna, in ji su, yakan fi sabon mai araha ƙarko, kuma naɗin ƙwararre da tagulla ta gaske yana iya fin na masana'antar da ta yi amfani da alminiyam. Masu adawa suna cewa aikin ba ya zuwa da takardar gwaji, farantin jikin inji ya daina faɗin gaskiya, wanda zai saye shi nan gaba bai san abin da aka yi ba, kuma firiza ɗaya da ta ƙone ta cinye rarar da aka yi. Hujjar farko tana da ƙarfi idan abubuwa biyu suka haɗu, wato inji mai kyau da mai gyara mai mita da lissafi. Ta biyun ta fi ƙarfi a duk inda za a jona mota.

Akwai hanyoyi biyu na tsakiya. Taransifoma mai ɗaga 120V zuwa 230V ba ta taɓa cikin inji, amma tana da nauyi da tsada, tana cin ɗan ƙarfi, kuma ba ta canza firikwensi. Ɗayar ita ce a cire ɓangaren da ke samar da wuta gaba ɗaya a sa na 230V da 50Hz, a sauke gudun inji zuwa 3,000, in dai bakin sandar inji da mazaunin kusoshi sun dace.

Abin da wannan ke nufi ga mai sana'a da magidanci

Mai cajin waya, mai gidan kallon ƙwallo da magidancin da fitila da talabijin kaɗai yake kunnawa, haɗin siris ya ishe su idan an sauya bireka an gyara batun nutural. Mai aski da tela suna tsakiya, ya danganta da irin injin da ke hannunsu: injin aski na batir da keken ɗinki mai ƙaramar motar burushi ba su cika damuwa ba, babban keken masana'anta mai motar kuloci kuwa gudunsa yana bin firikwensi. Mai sayar da ƙanƙara ko ruwan sanyi, mai rijiyar burtsatse da mai shagon magani da ke ajiye allura a firij su ne haɗarin ya fi shafa, domin jarinsu yana kan mota, kuma mota tana jan ninkin amfiyarta sau da yawa a lokacin tashi, abin da injin da ƙarfinsa ya ragu ba lallai ya iya ɗauka ba.

Kafin sayen injin gwanjo, farantin jikinsa yana amsa yawancin tambayoyin: idan an rubuta 120/240V akwai koyil biyu, idan 120V kaɗai ce sai an buɗe an ƙirga wayoyi, idan kuma na Japan ne mai 100V da 50Hz to gudunsa ya riga ya dace, naɗi kawai ya rage. Bayan gyara kuma gwajin da ke da amfani shi ne wanda aka yi da kaya a kai: a jona dutsen guga ko hita da suka kai kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin injin, a bar shi ya yi aiki na tsawon lokaci, a auna volt da firikwensi tare, a duba ko koyil na warin ƙuna. Mitocin hannu da yawa suna auna Hz. Sai a nemi mai gyara ya rubuta sabon volt, amfiya, wat da firikwensi a jikin injin kusa da tsohon farantin.